Wa ke sa gwamnati ta waiwayi wutar sola?

Tambaya: Malam, Allah ya hore mana rana a Arewa, ga kuma rashin wuta ya addabe mu shekara da shekaru. Me ya sa sai kwanan nan ake ta yin dokokin makamashi mai tsafta? Wa ke zaɓar abin da gwamnati za ta sa a gaba? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, tsananin matsala kaɗai ba ya haifar da doka. Da yana haifarwa, da tuni an gama da maganar wuta a Najeriya. Sai kukan jama'a ya yi ƙarfi, a samu wasu sun riga sun rubuta daftari suna jira, sannan masu mulki su ga ribarsu a ciki. In ɗaya ya ɓace, ƙudirin sai ya kwana a majalisa.

Dubi Dokar Sauyin Yanayi. Ɗan majalisar wakilai daga Abiya, Sam Onuigbo, ya daɗe yana bin ta, har majalisa ta taɓa amincewa da ita amma Shugaba Buhari bai sa hannu ba. A Nuwamban 2021 Buhari ya je taron sauyin yanayi na Glasgow, ya yi alkawarin cewa kafin 2060 hayaƙin da Najeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda take iya shafewa ba. Watan bai ƙare ba ya sa wa dokar hannu. Hamada ba a watan ta fara cin gonakin Yobe ba. Gwamnati ce ta buƙaci abin nuna wa masu ba da rance da tallafi, sai ga daftari a shirye.

Dokar Wutar Lantarki ta 2023 kuwa matsin cikin gida ne ya haife ta. Gwamnoni sun gaji da jiran babban layin ƙasa da ke yawan durƙushewa. A Maris na shekarar aka gyara tsarin mulki, jihohi suka samu ikon samar da wuta da rarraba ta ko a inda layin ƙasa ya kai. A Yuni Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar, wadda ta maye gurbin ta 2005, ta kuma ɗora wa NERC, hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, nauyin bunƙasa wutar rana da ta iska. Kwanaki kaɗan kafin nan aka janye tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a Kano. Mai shagon da janareta ya gagare shi ya koma sola, kuma tun daga nan maganar ta shiga bakin kowane ɗan siyasa.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke zaune a teburi lokacin rubutu, domin da shi doka ke kamanni. Shirin sauya makamashi da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Osinbajo, ya ƙaddamar a Agustan 2022 ya ba iskar gas babban matsayi, don gas ne ke kawo wa gwamnati kuɗi kuma masu shi suna da murya a Abuja. Matar da ke girki da itace a ƙauye, hayaƙi na cin idonta, ba ta da mai yi mata kamun ƙafa.

Kuma shiga ajanda daban, samun kuɗi daban. A 2016 an ƙulla yarjejeniya da kamfanoni 14 don gina manyan tashoshin sola, yawancinsu a Arewa, amma taƙaddama kan farashi da lamunin gwamnati ta kashe maganar. Tashar iska ta Lambar Rimi a jiharku, mai megawat 10 kacal, ta haura shekara goma ana jan ƙafa a kanta.

Yanzu ƙofar ta matso kusa da kai. Enugu, Ekiti da Ondo sun fara karɓar ikon kula da kasuwar wutarsu tun 2024. Ku haɗa kai, 'yan kasuwa da masu injin niƙa da masu haɗa sola, ku tambayi ɗan majalisarku na jiha inda dokar wutarku ta kwana, da abin da ta tanadar wa ƙananan tashoshin sola na karkara. In an kira zaman jin ra'ayin jama'a, ku je da buƙatunku a rubuce.