Wili mara nauyi a keken tsere: kuɗin ya kai amfanin?

Daga Kano: Ina hawa keken tsere a hanyar Zariya kowace safiya. Abokai sun ce in saka wili na kabon, wato na wani zare mara nauyi da ake haɗawa da ƙaro. In saya?

Malam, zauna mu yi lissafi. Wilin da ke zuwa da keke, gaba da baya, yakan kai giram 1,900 zuwa 2,000. Na kabon mai kyau wajen 1,400 ne. Ka rage rabin kilo kenan. Kai da kekenka in kun kai kilo 80, ragin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kuma sai a hawan tudu ake jin sa. Tudu nawa ne a hanyar Zariya? Da a Jos kake, da mun ɗan tattauna. Sayi tayoyi masu kyau, ka wanke sarƙa, ka sa mai gyara ya duba boris. Za ka fi jin canji, da kuɗi kaɗan.

Daga Kaduna: Nauyina kilo 95, na daɗe ina tara kuɗin wili mara nauyi, ina tsoron wilin ya karye da ni.

Ɗan'uwa, tsoronka na kan hanya, kuma ka kyauta da ka tambaya. Wili mara nauyi yawanci sifok (wayoyin da ke riƙe rim) 20 ne a gaba, 24 a baya. Ɗaya ya tsinke a rami, rim ya karkace nan take. Nemi na alminiyon mai sifok 28 ko 32. Kafin ka biya, tabbatar da irin birkinka, na faifai ne ko na rim, da adadin giyarka da kamfanin da ya ƙera ta, don wilin da aka yi wa giyar kamfanin Shimano ba ya ɗaukar ta kamfanin Campagnolo.

Daga Sakkwato: Rim mai zurfi zai sa in wuce abokaina?

Ƙafa ce ke wuce mutum. Iskar hunturu kuma za ta riƙa fizgar maka kan keke.

Daga Abuja: Na ga na kabon an rubuta Zipp, sunan wani sanannen kamfanin wili, da araha sosai.

Jabu ne, kar ka taɓa. Na gaskiya kan kai kuɗin babur, to wa zai ba ka shi a kwatan kuɗinsa? Sitika kowa na iya bugawa. Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya ƙi sayen hular kwano, amma ya zuba kuɗi a kan suna. Alminiyon in ya bugu lanƙwashewa yake yi, ka gani, a miƙar. Kabon tsagewa yake ta ciki, fenti na ƙyalli, sai ran da ya fashe kana gangara. In birkin rim ne kuma, zafin dogon birki na tausasa ƙaron da ya haɗa kabon ɗin, na jabu ya kumbura taya ta fita. Ko na gaskiyar ma sai da robar birki tasa ta musamman. Na hannu kuwa, cire taya ka duba cikin rim da ramukan sifok da tocila, ka nemi lambar kamfani da rasit. Mai kaya ya hana ka cire taya, ka yi masa sallama.