Kada Ka Taka Ƙasar Nan Tukuna

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya. Gwiwar nan ce ta hana ni fitowa, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta maka a tsanake. Ka ce ka leƙa alotmen ɗin, wato ɗan filin lambu na haya da aka ba ka, ranar Asabar, ka tarar rana ta fito, har ka ga wani Bature yana tura baro. Kana tambaya ko ka ɗauko shebur ka fara kaftu ka zuba iri, tunda Fabrairu ta raba. Ka kuma ce irin alayyahu da na kuɓewa da aka aiko maka daga gida suna nan cikin jaka suna jiranka.

To, lambun dai ka je, amma kada ka ɗora ƙafarka a kan ƙasar da za ka shuka.

Na san abin da ke cin ka, don ni ma ya ci ni. A lambun mahaifina na taso, can wajen Kura, inda a irin wannan wata tumatir ya riga ya yi arha, kwanduna jere a Kwanar Gafan ana neman mai saye. Jikinka yana gaya maka an makara. A nan Birmingham kuwa ko farawa ba a yi ba. Kuma ba lokaci kaɗai ne ya juya ba, aikin ma a juye yake. A gida wahalar mai lambu ita ce ya kai wa ƙasa ruwa ya riƙe shi, don haka muke yin fangali mai zurfi da gefe-gefe. A nan wahalarsa ita ce ya raba ƙasa da ruwa.

Shekarata ta farko ban san haka ba. Na zo da taƙamar ɗan mai lambu, na shata fangali guda 8 irin na gida, a daddale, gwanin kyau, na jera ƙananan albasar dashe a ciki. Wani dattijo ɗan Jamaika da ke maƙwabtaka da ni ya jingina da shingensa yana kallona, ya tambaye ni ko kifi zan kiwata. Ban gane ba'ar ba sai bayan mako biyu, da aka kwana uku ana yayyafi. Na zo na tarar da kududdufai 8. Na sa hannu na zaro albasa ɗaya, ta narke a yatsuna tana wari. Tun daga ranar na koma yin kunya mai tudu, faɗinta daidai yadda hannuna zai kai tsakiya daga kowane gefe ba tare da na taka ba.

Na ga filin naka ranar da muka je karɓar makulli. Laka ce, irin wadda ke riƙe ruwa kamar tukunya. Tana da albarka ƙwarai in ka bi ta a hankali, amma in ka taka ta tana jiƙe, ko ka juya ta da shebur, sai ta danne, iskar da ke cikinta ta fice. In zafi ya zo a Yuni sai ta bushe ta zama tubali, saiwa ba ta ratsa ta. Ɓarnar wuni guda sai ka shekara kana gyara. Ga yadda za ka gwada: ka ɗebo ƙasa cikin hannu daga zurfin yatsa, ka dunƙule, ka sake ta daga daidai ƙugunka. In ta faɗi ta wargaje, ta yi. In ta faɗi tim a dunƙule kamar curin fura, koma gida. Takalminka ma shaida ne, in ka fito daga lambu yana da nauyi, ba ranar kaftu ba ce.

Sai sanyi. Ranar da ka gani a sama take, ba ta shiga ƙasa ba. Yawancin iri ba ya motsi sai zafin ƙasa ya kai digiri 7, kuma ya zauna a haka kwanaki, ba na rana ɗaya ba. Wanda ka zuba kafin nan zai kwanta ne ya ruɓe, ko ɓera ya tone. In ba ka da ma'auni, ciyawa za ta gaya maka: ranar da ka ga ƙananan ciyayi sun fara tsirowa da kansu kamar gashin jariri, ƙasa ta farka. Kuma raɓar nan mai daskarewa da asuba ba ta gama da mu ba sai wajen tsakiyar Mayu. Dare ɗaya ya ishe ta ta baƙanta maka tumatir gaba ɗaya.

Ba wai zama za ka yi ba. Aiki yana nan, sai dai a gefe yake.

Rabin fili aka ba ka. Cikakken alotmen yakan kai murabba'in mita 250, naka wajen 125 ke nan, kuma wanda ya riƙe shi kafin kai ya bar maka gādon ciyawa. Kada ka ce za ka share duka bana. Ka nemo kwalaye manya, ka ɓare selotef ɗin da ke jikinsu, ka shimfiɗa a rabin wurin, ka danne da taki ko bulo. Duhu zai yi maka aikin fartanya. Ɗaya rabin kuma ka rufe shi da baƙar leda na mako biyu ko uku, ruwan sama ya daina shiga, ƙasa ta ɗan ɗumama. In ka zo buɗewa za ka ga wata ciyawa mai fararen jijiyoyi masu tafiya a ƙarƙashi, 'yar uwar kiri-kirin gida. Kada ka sassare ta, kowane guntu sabon gindi ne. Da cokalin tono ake bin ta a zaro ta doguwa. In ya zama dole ka shiga tsakiya, ka shimfiɗa katako ka taka a kai.

Wannan sharar ba don kwalliya ba ce. Kwamitin wurin yana zagayawa, kuma wanda ya bar filinsa ya zama daji sai ya ga takardar gargaɗi, daga nan a karɓe, don akwai masu jira a layi, kai ma ka san tsawon lokacin da ka yi kana jira. Af, batun da ka taɓa yi min na kai alayyahu shagunan 'yan Afirka, ka ajiye shi. Dokar 1922 ta ce irin wannan lambu don cin mutum ne da iyalinsa. Kyauta dai ka yi iya son ranka, za ka ga ma kowa a wurin haka yake yi.

Taki kuma ka yi hattara. Za a kawo kashin doki a jibge a bakin ƙofa a ce kowa ya ɗiba. Wani lokaci ciyawar da dokin ya ci an fesa mata maganin da ba ya mutuwa ko ya bi ta cikin dabba, sai ya nannaɗe ganyen dankali da tumatir da wake. Ni ban ƙara yarda da takin da ban gwada ba. Ka cakuɗa kaɗan da ƙasa a gwangwani, ka shuka wake huɗu, ka ajiye a taga mako uku. In ganyen ya fito a miƙe, ɗiba. In ya fito a murɗe, bar musu kayansu.

Noman gaske na wannan wata a bakin tagar ɗakinka yake. Ka sayo irin dankalin Turawa mai saurin nuna, ka jera a kiret ɗin ƙwai, idanun suna kallon sama, a wuri mai haske marar zafi. Tsiron da kake so gajere ne, kakkaura, mai duhu. In ya fito fari dogo kamar taliya, duhu ya yi masa yawa. Sai ƙarshen Maris za su shiga ƙasa. Attaruhu da tattasai kuwa yau ɗin nan ya kamata ka zuba su a roba kusa da hita, don attaruhu yana da nawa, kuma damina ɗin nan tasu gajeriya ce, wanda ya makara zai tsinke shi ɗanye a Oktoba. Tumatir ka ba shi zuwa tsakiyar Maris, in ba haka ba zai yi maka zangarniya a taga kafin waje ya karɓe shi. A lambun kansa, abin da ke jure sanyin yanzu shi ne babban waken nan nasu mai faɗi, da tafarnuwa in ba ka sa tun kaka ba, sai albasar dashe in ƙasa ta tsane.

Irin gida kuma, haƙuri. Alayyahu yana yi a nan sosai, 'yan Jamaika sun daɗe suna noma nasu da suke kira kalalu, amma ba ya shiga ƙasa sai farkon Yuni. Kuɓewa ban taɓa samun abin kirki a fili ba, sai cikin rumfar leda, nan ma ɗan abin miya biyu ko uku. Yakuwa za ta ba ka ganye, amma kada ka sa ran zoɓo, sanyi yana riga ta. Duk abin da ka dasa ɗanye kuma akwai masu jiransa: tattabarun daji da rana, da dare kuma dodon koɗin nan marar ɓawo, wanda zai iya cinye layin latas kafin asuba. Raga ce maganin na farko. Na biyun sai mun zauna, labarinsa da tsawo.

Abu ɗaya da za ka iya gamawa wannan makon shi ne duro. Famfon wurin a rufe yake don kada ƙanƙara ta fasa bututu, ba za a buɗe ba sai bazara. Ka gyara indararon ɗan ɗakin katakon nan ya riƙa zuba a duro tun yanzu da ruwan yake banza, watan Yuli za ka gode min.

Asabar ka biyo ta gida kafin azahar, rana ba ta da tsawo, kafin shida an yi magariba. Akwai katako biyu da cokalin tono a bayan ƙofa, ka ɗauka. Innarka ta tara maka kiret ɗin ƙwai guda uku. Ka zo min da dunƙulen ƙasar wurin a leda in taɓa da hannuna.