Kurket, daga ina zan fara?

Ɗan'uwa ka ce kana Katsina, kana son fara kallon kurket da ɗan gem na waya amma data ta yi tsada. Ni dai shawarata fara da T20, wato gajeren nau'in wasan kurket, wajen awa uku an tashi, kar ka taɓa Test, wato dogon nau'in wasan, tukuna don shi har kwana 5 ake bugawa, in ba ka gane dokokin ba zai gundure ka. Nemi wasan da 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 suka doke New Zealand a Malesiya a 2025, wallahi har yanzu ina alfahari da yaran nan, sauke shi da daddare lokacin garaɓasar data. Gem kuwa eFootball, na ƙwallon ƙafa, ya ishe ka.