Amsar tambayarka akan ruwan da ya ƙi yin kore

Yaro naga saƙonka, kace me yasa wata shekara ruwan teku yake yin kore kifi ya cika taru, wata shekarar kuma ruwan yayi shuɗi garau kamar gilashi mu dawo hannu rabbana, kuma wai gaskiya ne abinda kaji ana cewa El Nino? Da wani abu ka tambaya da nace ka bari mu haɗu a jirgi, amma wannan tambayar ta taɓa min wani tabo da har yau bai warke ba.

Wannan koren da kake gani tsirrai ne, ƙanana ƙwarai da ido baya rabe su ɗaya ɗaya, masana suna ce musu fitoplankton. Kusan rabin iskar numfashin da tsirran duniya suke fitarwa daga su take fitowa, ka dai ji girman abin. Kamar kowace shuka suna son rana suna son taki, toh rana tana sama taki kuma yana can ƙasa, domin duk abinda ya mutu a teku nutsewa yake ya ruɓe a cikin ruwan sanyi. Ruwan ɗumi bashi da nauyi sai ya kwanta a sama kamar murfi ya hana na ƙasa tasowa. Sai iska ta kaɗa a gefen gaɓa ta ture na saman waje sannan mai sanyin ya taso da takinsa, cikin 'yan kwanaki ruwa ya koma kore, ƙananan ƙwarin ruwa su ci tsirran, kifin sadin ya ci ƙwarin, kifin tuna da tsuntsaye su bi sadin, mu kuma mu bi su duka. A gaɓar Ghana da Kwaddibuwa babban lokacin wannan tasowar Yuli ne zuwa Satumba, idan ma'aunin zafin ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25 kasan ta fara. Yadda ake ɗiban ruwa a bokiti a auna ba zan tsaya koya maka ba, wanda bai san wannan ba me ya kai shi teku.

Wata shekara da nake da jirgina na kaina da injina sabo, wani dillalin kifi yazo min tun watan Mayu da fara'a da "Maigida" kamar ɗan uwa, yace ga kafin alƙalami in sayi mai in gyara taru in sallami yara, in damina tazo in biya shi da kifi kwando kwando. Shekara biyu kafin nan mun samu kifi har mun rasa inda zamu sa, sai raina ya bani ai bana ma haka ne. Ya kawo takarda nasa hannu ban kai wa kowa ya karanta min ba, domin a baki munyi dashi cewa idan kaka bata yi kyau ba za'a ɗaga bashin zuwa baɗi.

Yuli ta shigo na ɗaure farin faranti da igiya na saka a ruwa kamar yadda na saba. A shekara mai kyau gaba uku ko huɗu (gaba ɗaya tsawon hannu biyu ne a miƙe) faranti ya ɓace maka, koren ya haɗiye shi. Ranar nan na saki igiya har gaba goma sha biyu ina hango farantin yana ƙyalli a ƙasa, na tsoma hannu ruwan kamar na wanka, wallahi nan take cikina ya ɗuri ruwa. Da daddare babu wata, lokacin da ya kamata kaga garken kifi yana walƙiya a ƙarƙashin ruwa, duhu kawai, tsuntsun da zai nuna maka hanya ma babu. Muka dinga ƙona mai muna ƙara nisa, ɗan abinda muke samu ka tsaga cikinsa babu kitse babu abinci, kifi sai kai da ƙaya. Agusta ta wuce a haka, ɗan sanyin da yazo yazo a makare kuma bai daɗe ba.

Ƙarshen Satumba sai ga mutumin nan da ƙarti biyu da takardar, ashe abinda aka rubuta daban ne, in ban cika kwandunan ba inji da taru nasa ne. Nace ina maganar da mukayi, ya dube ni ido cikin ido yace shi takarda ya sani. A gaban yarana aka kwance injin nan aka ɗora a kafaɗa, ƙaramin cikinsu har kuka yayi. Daga baya naji jirage huɗu yayi wa haka a shekarar, kuma yana da wanda yake faɗa masa abinda masu auna zafin teku suke hasashe, wato ya san ruwan bana mai ɗumi ne kafin yazo min da kuɗinsa, injin yazo saya a banza ya rufe shi da sunan taimako. Shekara shida nayi ina tuƙa jirgin wani kafin na sake miƙewa, kuma ban yafe ba.

Shi El Nino da ka tambaya gaskiya ne amma a tekun Fasifik yake. Masuntan Peru ne suka raɗa masa suna, wato yaro, suna nufin jariri Annabi Isa, domin wajen Kirsimeti suke ganin ruwan ɗumin. Duk shekara 2 zuwa 7 iskar da take tura ruwan ɗumi yamma sai tayi rauni, ɗumin ya dawo ya kwanta a gaɓarsu yayi kauri, ko iska ta taso da ruwa ɗumi take tasowa dashi mara taki. A 1970 Peru ta kama ƙaramin kifinsu anchobeta sama da tan miliyan 12, babu irinsa a duniya, El Nino na 1972 ya haɗu da kamun da ya wuce ƙima sana'ar ta rushe, tsuntsayen da suke rayuwa akan kifin suka mutu birjik. Ko a 2023 sai da gwamnatinsu ta soke kakar farko ta kamun. Namu tekun Atlantika yana da irin nasa ɗumamar, yafi ƙanƙanta amma a tsakiyar kakarmu yake faɗowa, 1984 anyi babba, Angola da Namibiya kuma sun sha nasu a 1995. A Ghana ma bayan kamun sadin mai yawa na 1972 sai ta ɓace a shekarar da ta biyo, wani kifi mai kaurin fata da ƙaya a gadon baya ya mamaye ruwan shekaru da dama.

Abinda ku yaran yanzu bakwa ganewa, ɓarnar bata ƙarewa a shekarar. 'Ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe a ruwan shuɗi basu samu abinci ba sun mutu tun suna kamar zare, saboda haka baɗi ko ruwa yayi kore shar kifin da zaka kama kaɗan ne, a lokacin ne kuma marasa hankali suke sa taru mai ƙananan ido su kwashe ragowar. Kuna da waya a hannu, hoton tauraron ɗan adam yana nuna koren teku da zafinsa kyauta, abinda da na samu a wancan lokacin da injina yana nan, amma ku bidiyon rawa kuke kallo, in an tambaye ku zafin ruwan jiya sai ku kama sosa ƙeya.

Daga gobe ka sayi littafi, kullum ka rubuta zafin ruwa da gaba nawa faranti ya ɓace da inda iska ta fito, ka tsaga kifi biyar ka rubuta me ke cikinsu. Kuma kada ka karɓi kafin alƙalami a hannun kowa sai kaga sanyi ya zauna sati biyu a jere, duk takardar da aka miƙo maka ka kawo min tukuna. Asabar da asuba ka zo da littafin in gani.