Yadda gudun famfalaki ke tara wa 'yan mata kuɗin wasanni

Tambaya: Ina koya wa 'yan mata ƙwallon hannu a wata unguwa ta marasa ƙarfi, yawancinsu ko takalmin wasa ba su da shi. Na ji ana cewa a ƙasashen waje mutum kan yi gudun famfalaki ya tara wa irin waɗannan yara kuɗi. Wa ke biya? Ni ma zan iya?

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Jama'ar mai gudun ne ke biya. Yakan sanar da dangi da abokai cewa zai yi gudun kilomita 42.195 saboda wata manufa, su kuma su ba da gudummawa, galibi ta shafin intanet irin JustGiving. Watannin da ya kwashe yana atisaye su ne shaidar cewa da gaske yake. A gasar Landan, wadda aka fara a 1981, ƙungiyoyin agaji kan sayi gurabe su raba wa masu gudu bisa sharaɗin kowa ya tara wani adadi. A 2024 kaɗai an tara fam miliyan 73.5.

Wajen kashe kuɗin, ki yi koyi da gidauniyar Girls Gotta Run da ke aiki a Habasha, har da garin Bekoji, inda Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinaren mita 10,000 a Olamfik ta 1992. Tallafinsu bai tsaya kan takalmi ba. Akwai kuɗin karatu, abinci da mai horarwa, don yarinya ta ci gaba da zuwa makaranta. Wannan tsari ya burge ni ƙwarai, domin abin da ke raba yarinya da fili sau da yawa ƙarami ne: rashin audugar mata, rashin kayan wasa masu suturta jiki da iyaye za su aminta da su, ko kuɗin motar komawa gida kafin magariba.

Za ki iya, amma kada ki fara da famfalaki. Gasar Legas, da ake yi tun 2016, tana da rukunin kilomita 10, ya ishe ki farawa. Ki ga likita tukuna, ki riƙa ƙara nisa sannu a hankali na wasu watanni.

Kafin ki roƙi ko sisi, ki zauna da iyayen yaran ki samu yardarsu, musamman kan hotuna. Sannan ki rubuta abin da za a saya da farashinsa dalla-dalla. Mutane sun fi sakin hannu idan sun san dubu kaza takalmin yarinya ɗaya ne. Kuɗin kuma kada ya shiga asusunki na kanki. A buɗe wa ƙungiyar asusu da mutum biyu za su riƙa sa hannu, bayan gasar ki nuna wa duk wanda ya bayar rasit.