Lambar husufin 2006: in sayar ko in ajiye?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A cikin akwatin marigayi babanmu na tsinci wani farin ƙarfe, faɗinsa ya ɗara na dala ashirin. Gefe guda an zana baƙin da'ira da haske kewaye da ita, ɗaya gefen an buga 29.03.2006. Baba direba ne, ya taɓa kai waɗansu Turawa daji a shekarar, su suka ba shi. Wani a kasuwar Dole ya taya jikka biyar. Kuɗin wata ƙasa ne? In sallama? Daga wani mai karatu, unguwar Zango, Damagaram.

Amsa: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ƙanena, kada ka yi gaggawar sallamawa.

Wannan rana da aka buga ban manta ta ba. Laraba ce, ƙarshen watan Safar. Da hantsi ina tsaye ƙofar gidanmu a Birni, sai hasken rana ya fara yin fatsi-fatsi, iska ta yi sanyi kamar an dawo da hunturu. Kajin gwaggota suka nufi akurki. Can sai duhu, ladan ya yi kira, muka bar yara suna ta bugun gwangwani muka tafi sallar husufi. Wata ne ya gitta tsakaninmu da rana. Inuwarsa ta taso daga Barazil, ta ƙetare teku, ta bi Gana, Togo, Benin, Najeriya, ta ratso ƙasarmu, ta wuce Cadi da Libiya har Turkiyya. Inda duhun ya fi daɗewa, wajen iyakar Cadi da Libiya, minti 4 ne da daƙiƙa 7. Saboda waɗannan ƴan mintoci Turawan Babanku suka biya jirgi da mota. Akwai masu wannan ɗabi'a, duk inda husufi zai faɗa sai sun je, kuma sukan sa a buga musu lamba su raba wa juna da wanda ya yi musu hidima.

To, kuɗi ne? Juya shi ka duba da kyau. Tsabar kuɗi tana ɗauke da sunan ƙasa da adadin da take saye. In babu waɗannan biyu, lambar tunawa ce kawai. Akwai dai ƙasashen da suka buga kuɗi na gaske don husufi: Romaniya ta fitar da tsabar lei 500 da takardar lei 2000 saboda na 11 ga Agusta 1999. Naka, yadda ka kwatanta shi, bai yi kama da irin wannan ba.

Saura maganar ƙarfen. Nemi mayen ƙarfe ka kusanta shi. In ya manne, ba azurfa ba ce. In bai manne ba, kada ka yi murna tukuna, tagulla ma ba ta mannewa. Duba bakinsa, ko akwai 925 ko 999 da ƙananan lambobi, alamar azurfa ke nan. Daga nan ka kai wa maƙerin fari ya ɗora a ma'auni a gabanka. Ka ce masa awo kawai ka zo. Na san halin mutanenmu, kafin ka juya baya ya zama zobe. Kada kuma ka goge shi da toka ko yashi don ya yi ƙyalli, masu tara irin waɗannan kaya sun fi son su da tsufansu.

Wanda ya taya jikka biyar bai auna ba, ko kuwa ya auna da ido ya ga riba. Sannan kayan gado ne, ba naka kai kaɗai ba, sai ka sanar da ƴan'uwa kafin kowane ciniki.

Da ni ne, zan naɗe shi cikin ƙyalle, in rubuta sunan Baba da inda ya kai baƙin nan a takarda, in haɗa. Husufi na 2 ga Agusta 2027 zai bi ta Masar da Makka, mu nan ɓarin rana kawai za mu ga ya rufe. Ranar ka fito da shi ka nuna wa yaranka.