Amsar Malam kan ƙudan furen albasa da aka turo hotonsa

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. To, ƙanena, na ga hoton da ka turo na wannan ƙwaron da ka samu a kan furen albasa a lambu, mai ratsin ɗorawa da baƙi, wanda ka ce yana tsayawa cak a iska kamar an rataye shi. Ka tambaya ko sabon jinsi ne, kuma in sabo ne yaya za a yi a raɗa masa suna. Rubutu zai yi tsawo, shi ya sa na ce bari in yi murya.

Da farko dai ba zuma ba ce, ba kuma rina ba. Ƙuda ne. Ka ƙara girman hoton ka ƙirga fikafikai, biyu za ka gani, ita kuwa zuma huɗu gare ta. Dubi idon, ya kusa cinye kan gaba ɗaya. 'Yan ƙahonnin nan na goshi gajeru ne, na zuma kuwa dogaye ne masu lanƙwasa. Masana suna kiran danginsu Syrphidae, kuma an san jinsi wajen 6,000 a duniya. Ba ya harbi sam, kayan zuma kawai ya ara ya sa don tsuntsu ya ji tsoro ya ƙyale shi. Wani Bature ɗan Ingila, Henry Walter Bates, shi ya fara bayyana wannan dabara a 1862, bayan ya yi shekaru yana tara ƙwari a dajin Amazon. Alamar da ba ta cika yin ƙarya ba tana cikin fiffike: akwai wata jijiya da ta ratsa tsakiyarsa a tsaye, ba ta manne da kowa a ƙarshenta ba. In ka gan ta, ka shigo gidansu.

Yanzu maganar sabo. Ba don in kashe maka gwiwa ba, amma ka fara ɗauka cewa an san shi. Mu a nan akwai waɗanda suka cika lambuna. Akwai Ischiodon aegyptius, siriri mai ɗorawa, wanda wani masani Bajamushe, Wiedemann, ya rubuta tun 1830, tsutsarsa ce ke cin darɓa a jikin wake da kayan lambu. Akwai 'yan Eristalinus masu ɗige-ɗige ko ratsi a ido, waɗanda ake gani a furen mangwaro, tsutsarsu mai dogon wutsiya tana rayuwa a ruwan kwata. Naka ya fi mini kama da na farkon, amma hoton waya ba ya yanke hukunci. Duk da haka ban ce ba zai yiwu ba. Jinsin da aka rubuta a Afirka kudu da Sahara wajen 600 ne kawai, kuma yankinmu na savana ba a tattara shi yadda ya kamata ba. Wanda ya dage yana kamu a fadama, rani da damina, zai iya cin karo da abin da ba shi da suna.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, babu sabon jinsi sai da gawar ƙwaro a hannu. Ka samu raga, ko ka ɗinka da tsohon gidan sauro. Ka kama da yawa, maza da mata. A yawancinsu idanun namiji suna haɗewa a saman kai, na mace kuwa akwai rata. Wasu ka soke su da allurar ƙwari a ƙirji su bushe, ka sa a akwati da kafur saboda tururuwa da 'yan ƙwarin da ke cin matattu. Wasu ka jefa a itanol mai ƙarfi don gwajin ƙwayar halitta. Sannan takarda, don Allah takarda! Gari, ƙaramar hukuma, lambar wuri daga wayarka, kwanan wata, furen da ka same shi, sunan wanda ya kama. Da fensir za ka rubuta ta cikin kwalba, biro wankewa yake. Na ga akwatunan ɗalibai cike da ƙwari masu kyau ba takarda ko ɗaya, wallahi sai dai a zubar.

Aikin gaske yana wajen kwatance, kuma nan ne mutane ke gajiya. Launi yana yaudara, don zafin da tsutsa ta tashi a ciki yana iya sa babba ya fito da duhu ko haske. Shi ya sa ake yanke ƙarshen cikin namiji, a jiƙa a sinadarin KOH ya yi garau, a duba al'aurarsa a maikuroskof a zana ta. Jinsi biyu da ido ba zai raba ba, nan suke rabuwa. Sai a cire ƙafa ɗaya a karanta wani yanki na DNA da ake kira COI, harufa wajen 658, hanyar da Paul Hebert na Kanada ya gabatar a 2003. Amma shaida ce kawai, ba alƙali ba. Ƙwarin Afirka da yawa ba a taɓa karanta nasu ba, saboda haka in kwamfuta ta ce ba ta san naka ba, wannan bai nuna sabo ba ne.

Daga nan sai ka bi duk sunan da aka taɓa ba wa danginsa tun 1758, shekarar da aka ɗauka mafarin sunayen dabbobi daga aikin Linnaeus, masani ɗan Sweden. Bayanan da, wasu layi uku ne da Latin ko Jamusanci, dole sai an ga ainihin ƙwaron da marubucin ya ajiye. Su kuma yawancinsu suna Landan, Faris, Balin, ko Tervuren a Beljiyam. Abin yana yi mini ciwo, ƙudan ƙasarka sai ka roƙi hotonsa daga Turai. Kafin ka kai can, fara da ma'ajiyar ƙwari ta Samaru a Zariya, da ta cibiyar binciken noma ta IITA a Kwatano.

In ya tabbata sabo ne, doka tana nan, ta ICZN, hukumar duniya mai tsara sunayen dabbobi. Tun shekarar 2000 sai ka ware ƙwaro ɗaya ka ce wannan ne ma'auni, ka faɗi ma'ajiyar da za a ajiye shi, ka rubuta abin da ya bambanta shi da 'yan uwansa, ka bayyana ƙarara cewa sabon suna ne. Sai a buga a mujalla irin Zootaxa ko ZooKeys, in a intanet kaɗai za ta fito kuma sai an yi rajista a ZooBank, rajistar sunaye ta hukumar. A 2015 wasu masana biyu sun raɗa wa wani ƙuda na Afirka ta Kudu suna da hoto zalla don ya tsere musu, aka yi ta cacar baki a kansu. Su manya ne suka sha, kai kada ka gwada.

Wanda ya yi raha a nan gidan cewa ka sa wa ƙwaron sunanka, doka ba ta hana ba, amma abin kunya ne a wajen masana. Ka sa na garinku ko na malaminka. Kuma in za a fitar da samfur waje, a bi ta takardar izini, a bar wasu a ma'ajiyar gida.

Yanzu dai ka koma lambun da hantsi, lokacin da suka fi sauka kan fure. Ka kamo ko goma, ka ɗauko mini hoton fiffike a shimfiɗe da na kai ta gaba. Ka duba ganyen waken da darɓa ta kama ko za ka ga tsutsa koriya, in ka samu ka raine ta a kwalba har ta zama ƙuda. Sai na ji ka.